Ɗigon da Ya Kai Malam Mannir Har Katsina

Idan Malam Mannir Gambo zai ba da labarin kansa, ba ya jiran kowa ya yi masa dariya, shi yake farawa. Yakan ce a duk faɗin Batsari da Safana shi kaɗai ne ya taɓa shiga mota ya yi tattaki har Katsina neman ɗigo, alhali ɗigon yana nan a kwamfutarsa tun daga gida, ƙarƙashin yatsansa na dama.

A Yasore aka haife shi, ɗan manomi jikan manomi. Mahaifinsa, Malam Gambo, mutum ne na gero da dawa da ɗan kiwo a bayan gida. Shi kuwa Mannir tun yana ƙarami hannunsa bai karɓi fartanya ba. In aka sa shi noma, ciyawa da shuka duk ɗaya ne a wurinsa, sai ya share kunya guda tas ya miƙe yana jiran yabo. Daga ƙarshe uban ya ce a kai shi makaranta, can ko ya yi ɓarna a takarda za ta tsaya. Haka ya yi ta tafiya har kwalejin horon malamai, ya karanci Turanci, ya dawo ya kama koyarwa a wata sakandare a Safana. Gida kuma ya kama a Batsari, shi da matarsa Sa'adiyya da 'yarsu Ummi, kullum yana zirga-zirga a kan tsohon babur ɗinsa.

A makaranta sunansa Malam Jan Biro. Ɗalibi zai iya rubuta masa shirme shafi guda ya wuce lafiya, amma ya kuskura ya ƙare jimla babu aya, ko ya rubuta sunan gari da ƙaramin baƙi, ko ya haɗe kalma biyu babu tazara, to ranar sai takardarsa ta koma kamar an yanka kaza a kanta. Shi kansa Mannir yana alfahari da wannan suna.

Harkar kwamfuta daga baya ta shigo masa. Abokinsa Tayyib, wanda suka zauna ɗaki ɗaya a kwaleji, ya bar alli ya koma rubuta manhaja a wani ƙaramin kamfani a Katsina. Shi ya samo masa wata laftof ta hannu, ya cika masa ita da bidiyoyin koyo. Shekarar da aka rufe layukan waya a yankin, mutane suka rasa abin yi da wayoyinsu, shi Mannir sai ya duƙufa a kan bidiyoyin nan. Kafin layi ya dawo ya iya haɗa ɗan shafi mai karɓar suna da hoto, kuma ya fara jin cewa ashe garin nan ya yi masa kaɗan.

Abin da ya sa ya yi aikin gaske kuwa ba abin dariya ba ne. An kore wa mahaifinsa shanun huɗa guda biyu. Mannir ya ga tsohon nan yana bin kasuwanni, daga wannan kara zuwa waccan, yana tsayar da dillalan dabbobi yana kwatanta masu: fari ne mai baƙin kunne, ɗayan kuma ja mai karyayyen ƙaho. Kowa ya ce Allah ya bayyana, ya juya ya manta. Sai Mannir ya ce a ransa, me zai hana a sami wuri ɗaya da mutum zai sa hoton dabbarsa da kamanninta da lambar wayarsa, duk dillalin da aka kawo wa dabba ya leƙa kafin ya sa baki a ciniki? Ya zauna ya haɗa manhajar, ya raɗa mata suna Cigiya.

A kwamfutarsa tana aiki sumul. Ya ɗauke ta ya kai wa Alhaji Barau, shugaban dillalan dabbobi a karar Batsari, dattijo mai farin gemu da ba ya gaggawar magana. Alhaji ya daɗe yana kallon hoton akuyar Sa'adiyya da aka sa don gwaji, sannan ya ce, "Malam Mannir, wannan abu in ya tabbata ka yi aikin lada. Amma ai ba za mu riƙa bin ka gida muna leƙa akwatinka ba. Ka sa shi ya shigo wayoyinmu, ni kuma in tara maka mutanena."

Nan ne aka zo wurin. Don manhaja ta shiga wayar kowa, sai an ɗora ta a kan wata babbar kwamfuta da ba ta kwana, wadda ake kira saba. Tayyib ya ce akwai ɗan wuri a tasu, zai sammasa. "Amma kada ka turo mani ita tsirara," in ji shi a waya. "Ka naɗe mani ita a kwantena." Ya yi masa bayani cewa kamar mai tafiya ne da zai ɗaure tabarmarsa da butarsa da garinsa a ƙunshi ɗaya, duk inda ya sauka ba sai ya roƙi komai ba. Haka ake ɗaure manhaja da duk abin da take buƙata, ta yi aiki a kowace kwamfuta iri ɗaya. Akwai wata manhaja mai suna Docker da ke yin ɗaurin. Tayyib ya taya shi rubuta takardar da ke faɗa mata abin da za ta zuba a ƙunshin, sannan ya turo masa saƙo: ka shiga foldar aikin, ka buɗe baƙin allon nan na ba da umarni, ka rubuta

docker build -t cigiya .

Mannir ya dubi saƙon ya yi tsaki. Tayyib dai har yau bai gyaru ba. Mutum ya yi shekaru a kwaleji amma ya bar tazara kafin aya! Da takarda ce da ya zagaye wurin da ja. Shi dai ya san aya ta jimla ce, ba ta cikin umarni, don haka ya kwafe kalmomin tsaf ya bar ɗigon a inda ya gan shi. Ya danna.

Ko ƙiftawar ido ba a yi ba amsa ta fito: requires exactly 1 argument. A ƙarƙashinta akwai wasu 'yan layuka, amma bai tsaya karanta su ba. Malamin Turanci ne, layin farko ya ishe shi. Kalmar ƙarshen nan kuwa ya koyar da ita a aji ba adadi, ma'anarta gardama.

"Wai gardama take so," ya ce wa Sa'adiyya, wadda ke tankaɗe a tsakar gida. "Guda ɗaya tak."

"To ai ta zo gidan," in ji ta, ba ta ko ɗago kai ba.

Ya sake rubutawa, amsa ɗaya. Ya rubuta a hankali, harafi bayan harafi, kamar mai koya wa ɗan aji ɗaya. Amsa ɗaya. Ya kashe kwamfutar ya kunna. Ya bar ta ta huta har bayan la'asar, ko zuciyarta za ta sauko. Da ya dawo ta maimaita masa maganarta ba ragi ba ƙari.

Daga nan ya shiga rabon laifi. Na farko sabis ne, don a Batsari duk abin da ya ƙi, sabis ake fara zagi, kuma galibi da gaskiya. Ya ɗauki kwamfutar da wayarsa ya hau matakalar soro, ya zauna a rana yana ɗaga wayar sama kamar mai kiran shaho. Bai canza komai ba. Sai ya ce zafi ne, injin ya gaji. Ya sauko ya ɗora ta a kan murfin randa don ta sha sanyi, har Ummi ta zo shan ruwa aka ce ta haƙura tukuna, kwamfutar Abba na hutawa. Ya goge Docker ɗin gaba ɗaya ya sake sauko da ita, abin da ya cinye masa data da yini guda. Ya kai wa mai gyaran waya a bakin tasha aka hure masa maɓallan da iska. Duk wanda ya taɓa kwamfutar nan ya sami rabonsa na zargi, ban da mai ita.

Tayyib ya kira yana tambayar ina ƙunshi. Mannir ya ce ana kai, 'yar matsala ce ƙarama.

"Ɗauki hoton allon ka turo mani in gani."

"Haba, ba sai an kai ga haka ba. Na kusa gano ta."

Gaskiyar ita ce ba ya son Tayyib ya ga ya kasa. A kwaleji shi yake gyara wa Tayyib rubutu kafin a miƙa wa malami. Yanzu a ce shi ne zai tura hoto yana neman agaji a kan layi ɗaya? Ya gwammace ya ci gaba da hawa soro.

Ranar kasuwa ya bi ta kara don ya saya wa Sa'adiyya dusa, yana ta sanɗa kada su haɗu da Alhaji Barau. Sai ga shi a gabansa. Aka yi gaisuwa mai tsawo, aka tambayi iyali da makaranta da jikin Malam Gambo, sannan Alhaji ya ce, "Ina labarin cigiyarmu? Mutanena sun fara tambaya."

Mannir ya gyara murya. "Alhaji, an kusa. Matsalar daga can ƙasar waje take, wurin manyan injinan. Amma muna kan tattaunawa."

"Ash-sha. To Allah ya daidaita ku. Zan sa a yi addu'a."

Da ya hau babur zai koma gida, kunya ta rufe shi har ya wuce kwanar gidansu. Wai muna kan tattaunawa. Shi da wa? Ya tsaya a gindin wata bishiyar bedi ya yanke shawara: sabis ɗin garin nan ne ba shi da ƙarfin ɗaukar babban aiki irin nasa. Katsina za shi, inda intanet ke gudu kamar ruwan kwazari, kuma a gaban Tayyib zai danna, don ya ga da idonsa cewa shi ba shi da laifi.

Asabar da safe ya shiga bas. Aka matse shi tsakanin wani buhun barkono da wani mutum mai zabi biyu a kwando. Ya rungume jakar kwamfutar a ƙirji kamar mai kai jariri asibiti, yana atishawa tun daga tasha har suka shiga gari. A hanya yana ta shirya jawabin da zai yi kan yadda aka bar karkara a baya.

Ofishin su Tayyib ɗaki ne guda a saman wani shago, da fanka da tebura. Bayan sun gaisa sun taɓa tsokanar juna, Tayyib ya haɗa shi da intanet ɗinsu. Mannir ya naɗe hannun riga, ya rubuta umarnin da ya riga ya haddace kamar karatun allo, ya danna da ƙarfi, ya jingina.

Amsar da ya baro a Batsari ita ta tarbe shi a Katsina.

Tayyib ya leƙo ta kafaɗarsa. Ya karanta abin da ke allon. Sai Mannir ya ji kujerar da ke bayansa tana girgiza.

"Mutumina," in ji Tayyib da ƙyar, dariya na cin sa, "karanta mani abin da ta ce."

"Ta ce gardama take so."

Tayyib ya kifa kai a tebur. Da ya samu ya ɗago, idonsa da hawaye, ya ce, "A wurinku malaman Turanci gardama ce. A nan ba haka take nufi ba. Abin da ka miƙa wa umarni ya yi aiki da shi, shi ake kira haka. Ci gaba, karanta na ƙasa."

Mannir ya karanta layukan da ya yi ta tsallakewa. Ashe tun ranar farko an rubuta masa yadda umarnin yake, kuma a ƙarshensa ga kalma da manyan baƙaƙe, PATH, wato wurin da kayan suke.

"Ka ce mata ta ɗaure ƙunshi," in ji Tayyib. "Ka ce ta raɗa masa suna cigiya, wannan shi ne aikin -t ɗin. To a ina kayan da za ta ɗaure? Ba ka faɗa mata ba. Ita kuma ba ta canka. Ina ɗigon da na turo maka?"

"Wane ɗigo? Ayar?"

"Ba aya ba ce. Ɗigon nan yana nufin nan, foldar da kake tsaye a ciki. Shi ne abu ɗayan da take ta roƙonka."

Mannir ya ciro waya ya buɗe saƙon. Ga ɗigon nan zaune, da tazararsa a gaba, daidai inda ya yi masa tsaki. Ya sa yatsa ya danna tazara, ya danna ɗigo, ya tura. Allon ya cika da rubutu yana gudu, mataki na bin mataki, kafin shayin da aka aiko masu ya huce an gama ɗaure ƙunshin.

"Ni fa har na ce ba ka iya rubutu ba," in ji Mannir a hankali.

"Na sani. Tun da ka ƙi turo hoto na san akwai abin da kake gyara mani."

Da ya dawo gida Sa'adiyya ta tambaye shi me likitocin Katsina suka gano. Ya ce ɗigo ne. Ta ce ɗigon me? Ya ce ɗigo dai, irin na rubutu. Ta dube shi, ta dubi randa, ta ce to madalla, yanzu dai a bar yarinya ta sha ruwa.

Da a nan abin ya tsaya da da sauƙi. Amma Alhaji Barau, da aka nuna masa manhajar a wayarsa, ya ce a ƙara wurin rubuta shaidar dabba, tsagar kunne ko tambarin wuta, don da ita dillali ke gane dabba ba da kyan fuska ba. Mannir ya ƙara, wanda ke nufin sai an sake ɗaure ƙunshi. Ya zauna yin haka a ɗakin malamai a Safana, da hantsi, ranar da za a tara dillalai bayan la'asar. Yanzu ai ya zama gwani. Sai ya ga sunan cigiya kawai ya yi tsirara da yawa, gara a san daga inda ta fito. Ya rubuta cigiya batsari, ya kawo ɗigonsa ya ajiye a ƙarshe da ladabi, ya danna.

Requires exactly 1 argument.

Ga ɗigo, me kuma take so? Ya kira Tayyib, waya a kashe. Zuciyarsa ta fara raya masa cewa sabis ɗin Safana ne, har ya miƙe zai fita bakin titi. Sai ya koma ya zauna, ya karanta saƙon da ƙarfi kamar yana gaban aji, har malamin lissafi da ke cin ƙosai a gefe ya juyo. A kan kalma ta biyu, exactly, ya tsaya. Cif-cif ɗaya aka ce, ba ƙasa ba, ba sama ba. Wancan karon bai ba ta komai ba. Yanzu kuwa? Ya bi layin da yatsa. Ta ɗauki cigiya a matsayin suna. Tazarar da ya bari ta sa ta ɗauki batsari a matsayin wurin kaya, ga kuma ɗigo, wani wurin kayan. Ya ba ta biyu.

Ya cire tazarar ya haɗa kalmomin da ɗan karan ɗori. Da yake hali ba ya barin mai shi, sai ya mai da harafin farko na kowace kalma babba, don sunan gari ne. Nan ma ta ƙi, amma wannan karon ya karanta har ƙarshe, kuma ta faɗa masa ƙarara cewa sunan ƙunshi da ƙananan baƙaƙe ake rubuta shi. Yakan ce a ranar ne, yana malamin Turanci, ya rubuta sunan garinsu da ƙaramin baƙi da hannunsa, yana waiwaye kada wani ɗalibi ya leƙo ta taga. Ƙunshi ya ɗauru, ya tura, Tayyib ya kunna waya da azahar ya ɗora shi.

Taron dillalai ya yi kyau, ko da yake rabinsu sun fi sha'awar ganin hoton akuyar Sa'adiyya a wayoyinsu fiye da jawabin da ya shirya. Cigiyar farko da aka sa ta jaki ce, kuma jakin ya dawo gida da ƙafarsa kafin kowa ya gani. Wani ya sa cigiyar makullin babur. Shanun Malam Gambo dai ba a gan su ba har yau. Tsohon ya sa an nuna masa hotonsu a wayar, ya daɗe yana kallo, ya ce ko ba komai yanzu ba sai ya yi ta kwatance da baki ba.

Sai bayan damina aka sami abin faɗa. Wata dattijuwa a Zakka, Inna Uwani, tunkiyarta mai ciki ta ɓace, wani maƙwabcinta ya sa hoton. Aka kai tunkiyar kasuwa a Safana, dillalin da aka miƙa wa igiyar ya ga tsagar kunnen ta yi masa kama da wadda ya gani a waya, ya ce a dakata. Wanda ya kawo ta ya ce zai je ya dawo, bai dawo ba.

Inna Uwani ta sa aka kawo ta har makaranta da ƙullin gyaɗa a leda, tana neman malamin da ya gano mata tunkiya. Aka kira Mannir daga aji. Ta durƙusa ta yi ta sa masa albarka, sannan ta matso ta rage murya.

"Malam, a ƙasa kake dubawa ko a ruwa?"

"Inna, ba duba ba ne. Manhaja ce, a waya take. Dillali ne ya ga hoton, ni ina aji ma lokacin."

"To, to. Na gane, ba a faɗa." Ta gyara lulluɓi. "Akwai wata 'yar tukunyata ta ƙarfe da ta ɓace tun bikin jikata. In ka samu sarari ka duba mani."

Mannir ya buɗe baki zai sake bayani, ya ga ba inda za a je. Ya karɓi gyaɗar da hannu biyu, ya tambaye ta ko tukunyar tana da wata shaida. Ta ce hannunta ɗaya a lanƙwashe yake. Ya ce to a kawo hoto in akwai, ya raka ta bakin ƙofa, ya koma aji ya tarar yara sun cinye masa rabin lokacin darasi da surutu.